An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Abin Da Littafin Bashin Mahaifina Ya Koya Mini



'Yan uwana mazauna Kafanchan da Zonkwa da Kachia da Kwoi da sauran garuruwan kudancin Kaduna, da ma waɗanda neman abinci ya kai su nesa amma hankalinsu yana gida, ina gaishe ku da fatan kowa yana lafiya, ya kasuwa, ya iyali. Yau maganar kwamfuta na zo da ita. Na san da jin haka wani zai ce to mu 'yan kasuwa ina ruwanmu, a bar wa 'yan boko abinsu. Don Allah a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, domin kuwa ni ma ɗan kasuwa ne ɗan ɗan kasuwa, karatuna bai wuce sakandare ba, kuma abin da zan faɗa ya kusa raba mahaifina da mutumin da suka fi shekara ashirin suna hulɗa.

Kakana ya baro Zariya yana saurayi ya biyo layin dogo, kasancewar tun shekarun 1920 Kafanchan ta zama mahaɗar jiragen ƙasa, inda layin Fatakwal ke rabuwa, wani ya nufi Kaduna wani ya nufi Jos. A nan aka haifi mahaifina, a nan ni ma aka haife ni. Sana'ar gidanmu citta ce. Duk wanda ya san wannan sana'a ya san cewa ba a kaka ake fara ta ba, tun lokacin shuka ake farawa. Manomi zai zo ya karɓi kuɗin taki da na ƙwadago, idan kaka ta yi ya haƙe, ya fasa, ya shanya, sai ya kawo buhuna a cire bashi a ba shi cikon kuɗinsa. Yawancin waɗannan manoma mutanen Jaba ne da Bajju da sauran maƙwabtanmu. Babu lauya a tsakani, babu takardar kotu. Amana ce kawai, sai kuma littafi.

A shekarar 2006 Baffana, ƙanen mahaifina wanda ya yi karatun kwamfuta, ya zauna ya gina wa shagon littafin bashi a cikin manhajar Microsoft Access ta 2003, a kan wata tsohuwar kwamfutar tebur mai Windows XP da aka ajiye a gida. Kullum da dare sai a kwafe abin da aka rubuta a littafin shago a shigar ciki: sunan mutum, garinsu, abin da ya karɓa, abin da ya kawo, da rana. Mahaifina a lokacin yana yi masa dariya, yana cewa aiki biyu ne. Sai ga watan Afrilun 2011, rikicin da ya biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa, wanda babu ɗan Kafanchan da ke buƙatar a tuna masa. Kasuwa ta ƙone, shagonmu ya ƙone da littattafan da ke ciki duka. Ina yaro a lokacin, amma ina tune da ranar da Baffa ya buga takardu daga wannan kwamfuta ya miƙa wa mahaifina, ya riƙe su yana kallo bai ce komai ba. Da waɗannan takardu aka san wa ake bi, wa kuma ke bin mu. Daga ranar mahaifina bai sake yi wa kwamfutar dariya ba, har ma ya wuce gona da iri, ya ɗauka duk abin da ta faɗa shi ne gaskiya.

A 2014 Baffa ya canza kwamfutar da wata mai Windows 7, amma sai ya sake ɗora mata tsohon Office ɗin nan na 2003. Babu wanda ya tambaye shi dalili, shi ma bai faɗa ba, bai kuma rubuta a ko'ina ba. Allah ya yi masa rasuwa a 2020, Allah ya jiƙansa da rahama. Aikin shigar da lissafi ya dawo hannuna, ni kuwa iyakar sanina in buɗe, in rubuta, in buga takarda.

Shekarar 2023 kowa ya san abin da ta zo da shi. Cutar ruɓa ta faɗa wa gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko da Jema'a, mutum ya zuba jarinsa a ƙasa ya haƙo ruɓaɓɓen abu. Bashi ya tsaya cak, kowa ransa a ɓace. A cikin wannan hali ne, a watan Disamba, kwamfutarmu ta mutu murus. Allah ya taimaka ina da al'adar kwafe fayil ɗin a filash guda biyu duk ranar Juma'a. Na sayi laftof na hannu irin waɗanda ake kawowa daga Amurka, mai shagon ya ɗora mini Office na 2016, na dawo gida da murna na sa filash na danna fayil. Sai wani saƙo ya fito da Turanci, na danna OK ban karanta ba, kamar yadda dukkanmu muke yi. Daga nan sai wani allo ya buɗe cike da rubutun da ban taɓa gani ba, an haska kalmar Date, an rubuta "Can't find project or library". Duk maɓallin da na taɓa, nan yake mai da ni.

Mai gyara na farko da na kai wa bai yi minti biyu ba ya ce bairos ne, sai an yi fomat. Aka yi, na biya, aka sake ɗora wannan Office ɗin dai, saƙo ya dawo yadda yake. Na biyu ya ce agogon kwamfutar ne ya lalace tunda Date aka haska, ya canza ɗan batirin ciki, na biya, babu abin da ya sauya. Da ya rasa abin cewa sai ya ce fayil ɗin ya ruɓe, in haƙura. Jama'a, lissafin shekara goma sha bakwai ake ce mini in haƙura da shi, a shekarar da rabin mutanen da ke ciki ba su iya biya ba. Kwana huɗu na yi ban gaya wa mahaifina ba.

Wata malama ce 'yar Bajju, mai koyar da kwamfuta a wata cibiya a nan garin, ta fitar da ni. Abu na farko da ta yi, ta kwafi fayil ɗin zuwa wani wuri, ta ce, "Ƙanena, ba a gyara a kan na asali." Na biyu, ta riƙe maɓallin Shift yayin buɗe fayil ɗin, wanda hakan ke hana shi fara gudanar da umarninsa na farko, sai ga teburan lissafi nan lafiya lau, sunayen mutane da kuɗaɗensu babu abin da ya taɓa su. Wallahi sai da na ji ƙafafuna sun yi sanyi. Na uku, ta ce in sake buɗewa in karanta mata saƙon farkon nan da nake tsallakewa. Ashe tun ranar farko kwamfutar ta faɗi sunan abin da ta rasa, wani ɗan fayil mai suna MSCAL.OCX.

Ga yadda ta fahimtar da ni, kuma daga baya na bi na tabbatar da kaina. Irin wannan shiri da Baffa ya gina ba ya ɗauke da duk kayan aikinsa a jikinsa, aro yake yi daga wasu ƙananan fayiloli da ke zuwa tare da Office ko Windows, kamar mai shayi da ke aron benci da bokiti a wajen maƙwabta. A cikinsa akwai jerin sunayen waɗannan kayan aro, ana ganinsa idan an danna Alt da F11, aka shiga Tools, sannan References. Idan aka kai shirin wata kwamfuta da babu ɗaya daga cikinsu, sai a ga an rubuta MISSING a gaban sunansa. Abin haushin shi ne, idan guda ɗaya ya ɓata, shirin yakan kasa tantance sauran umarninsa gaba ɗaya, sai ya nuna yatsa ga kalmar da ba ta da laifi, irin su Date ko Left ko Format. Shi ya sa mai gyara ya tafi canza batirin agogo. An bar jaki ana dukan taiki.

MSCAL.OCX ɗin nan wata 'yar kalanda ce da Baffa ya sa don a riƙa zaɓar rana da dannawa. Tana zuwa da Access har zuwa na 2007, amma daga na 2010 kamfanin Microsoft ya cire ta. Kun ga dalilin da ya sa marigayi ya manne wa tsohon Office ke nan. Ko da mun samo ta a wani wuri ma ba za ta yi aiki ba, domin ita ta tsarin bit 32 ce, Office ɗin da aka ɗora mini kuwa mai bit 64 ne, tsarin da aka fara fitarwa a Office 2010. Mu 'yan Kafanchan ba sai an wahala wajen yi mana bayanin wannan ba. Tsohon layin dogonmu faɗinsa milimita 1,067 ne, na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa 1,435. Duka jirgi ne, duka dogo ne, amma taragon wannan ba ya hawa layin wancan.

Malama ta cire kalandar daga shirin ta bar gurbin rubuta rana. Sannan ta ga wani kayan aron, DAO 3.6, wanda shi ne shirin ke bi ta kansa ya yi magana da teburan lissafi, shi ma na bit 32 ne, sai ta cire shi ta sa magajinsa na Office 16.0. Muka gwada, sai wani sabon saƙo kuma, wai "Type mismatch". Ta yi murmushi ta ce wannan tsohon ciwo ne, tun zamanin Access 2000 yake damun mutane. A cikin jerin akwai wani kayan aron mai suna ADO, kuma shi da DAO kowanne yana da wani abu da ake kira Recordset, suna ɗaya amma hali daban. Baffa ya rubuta sunan kawai bai faɗi na wane gida ba. Kamar ka tsaya a bakin kasuwa ka ƙwala kiran Audu, alhali Audu biyu ne, wanda ya fi kusa shi zai amsa. Shirin yana ɗaukar wanda ke sama a jeri ne, sabon da ta sa kuwa ya faɗa ƙasa. Ta tura shi sama da 'yar kibiyar da ke gefe, komai ya buɗe. Aikin da bai kai awa ɗaya ba.

Ta kuma gaya mini mun yi sa'a biyu. Da Baffa ya kulle shirin ya mai da shi irin fayil ɗin da ake kira MDE, da ba a iya taɓa wannan jeri. Da kuma da Access 97 aka gina shi, da wannan laftof ɗin ko buɗe shi ba za ta yi ba, domin daga Access 2013 an daina karɓar fayilolin 97 kwata-kwata.

To mai karatu zai ce ai magana ta ƙare. Ni ma haka na ɗauka, ashe babbar tana gaba, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ranar 8 ga Janairun 2024 wani dattijo manomi daga wajen Kwoi, abokin hulɗar mahaifina tun kafin a haife ni, ya kawo naira dubu 180 daga cikin bashin da ake bin sa. Cittarsa ta ruɓe kamar ta kowa, dabbobinsa ya sayar don kada a ce ya ci amana. Da dare na shigar, na rubuta 8/1/2024, allo ya nuna mini 8/1/2024, na rufe. Ƙarshen wata ya dawo don a yi lissafin abin da ya rage, na buga takarda, sai ta nuna bai biya ko kwabo ba. Mahaifina ya dubi takarda ya ce, "Dattijo, ga abin da injin ya ce." Mutumin ya yi shiru, sannan ya ce, "Alhaji, a hannunka na sa kuɗin nan, a gaban yaron nan." Mahaifina ya ce ya tuna an kawo kuɗi, amma mutane da yawa sun zo a makon, ko na wani ne yake tunawa, injin kuwa bai taɓa yi masa ƙarya ba. Murya ta fara tashi, mutane suka fara tsayawa a ƙofar shago, nasu da namu. Ku da kuke zaune a wannan yanki kun san abin da nake nufi. A wani garin, rigimar bashi rigimar mutum biyu ce. A nan kuwa, idan Bahaushe ɗan kasuwa da manomi ɗan ƙasa suka ɗaga murya a kan kuɗi, kafin magariba labarin ya canza kama, ya zama an ce sun ce.

Abin da ya cece mu wani ɗan littafi ne da dattijon ya zaro daga aljihu, duk ya naɗe don tsufa. Ashe duk biyan da ya yi sai ya sa mahaifina ya rubuta masa da hannunsa. Mahaifina ya ga rubutunsa da ajami, da ranar, da adadin. Ya miƙe tsaye ya kama hannun mutumin da hannu biyu ya ba shi haƙuri a gaban kowa. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina.

Da na koma wajen Malama, cikin minti biyar ta gano. Laftof ɗin an saita shi a kan tsarin Amurka, inda ake fara rubuta wata kafin rana. Abin da na rubuta a matsayin 8 ga Janairu, shi ya ajiye shi a matsayin 1 ga Agusta, ranar da ba ta zo ba tukuna. Takardar lissafi kuwa Baffa ya tsara ta ne ta tara abin da aka biya zuwa yau, don haka ta tsallake shi. Duk abin da na shigar daga 2 zuwa 12 ga Janairu haka ya tafi. Daga 13 ga wata kuwa, tunda babu wata na goma sha uku, sai kwamfutar ta juya da kanta ta ajiye daidai, kuskuren ya ɓuya a tsakiya. A da hakan bai taɓa faruwa ba saboda da kalanda ake zaɓar rana, ba a rubutawa da hannu. Wato gyaran da muka yi ne ya buɗe wata ƙofa da marigayi ya toshe ba tare da ya gaya wa kowa ba. Mutum goma sha ɗaya abin ya shafa, na bi su ɗaya bayan ɗaya na gyara.

Ra'ayina a nan shi ne, matsalar da ke hana shiri buɗewa ita ce mai sauƙi, domin tana ihu kowa ya ji. Wadda ke kashe kasuwa ita ce wadda shiri zai buɗe lafiya, ya buga takarda mai kyau, lissafin ciki kuwa ba daidai ba. Kuma laifin ba na kwamfuta ba ne, namu ne. Mun ɗauki amanar mutane mun danƙa wa abin da mutum ɗaya tak ya san sirrinsa. Mahaifina ba zai taɓa ba mutum ɗaya makullin sito ba tare da ya ajiye wani ba, amma shekara goma sha huɗu ilimin wannan shiri yana kan Baffa shi kaɗai, har ya tafi da shi. Na kuma san ba gidanmu kaɗai ba ne. Akwai masu kemis, da makarantun Islamiyya masu ajiye sakamakon ɗalibai, da ƙungiyoyin adashi, da wani ɗan uwa ya gina wa irin wannan shiri shekaru da suka wuce ya yi gaba.

Wasu dattawanmu za su ce ka gani, a koma littafi kawai. Ina girmama su, kuma littafi ne ya cece mu a shago ranar nan. Amma kada a manta littafi ne ya ƙone a 2011, kwamfuta ta cece mu. Kowanne ya taɓa ceton ɗan uwansa, don haka wanda ya ce a yar da ɗaya bai yi wa tarihin garin nan adalci ba. Wasu kuma, musamman sa'o'ina, za su ce a zuba komai a manhajar waya a huta. Babu laifi, amma kafin ka zuba ka tambaya, idan masu manhajar suka rufe ko suka canza ta, ta wace hanya zan fitar da lissafina? Idan babu amsa, ka koma gidan jiya ne da sabuwar riga. Akwai kuma masu cewa a nemi tsohon Office a ci gaba da shi kamar yadda Baffa ya yi. Microsoft ya daina kula da Windows XP da Office 2003 tun 8 ga Afrilun 2014, shi ma na 2016 da ke laftof ɗina an sa masa 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina kulawa. Babu wanda zai dawwama. Jinkirta ƙaura kawai kake yi, kuma gara ka yi ta da rana tsaka kana da zaɓi da ta same ka a shekarar da citta ta ruɓe.

Ga abin da muke yi yanzu, wanda nake roƙon duk mai irin wannan shiri ya yi tun kwamfutarsa tana da rai. Ka sa wanda ya gina maka ya rubuta a takarda wane Office ne, na wace shekara, mai bit nawa, ya kwafe sunayen da ke cikin jerin kayan aron nan, ka ajiye takardar inda kake ajiye takardun gida. Duk wata ka fitar da teburan lissafi zuwa Excel ko fayil ɗin CSV, wanda kusan kowace kwamfuta ke iya buɗewa, ka kuma buga jimillar bashin kowa a takarda, ka ajiye kwafi ɗaya a wani gida daban. Idan za ka canza kwamfuta, kada ka rabu da tsohuwar sai ka buga lissafi a duka biyun ka ga sun yi daidai, sannan ka duba tsarin rana, ka sa watan ya riƙa fitowa da sunansa maimakon lamba. Idan saƙo ya fito, ka ɗauki hotonsa da waya kafin ka danna komai. Idan mai gyara ya ce fomat kafin ya karanta saƙon, ka ɗauki kayanka ka yi masa sallama. Sannan, wanda ya fi duka, duk wanda ya kawo maka kuɗi ko buhu ka ba shi shaida a hannunsa, ko da bai nema ba.

Ga ƙannena masu gyaran kwamfuta kuma, ba raina sana'arku nake yi ba, ni ma sai da na biya kuɗin makaranta sau biyu kafin na koyi karanta saƙo guda ɗaya. Amma cewa ban gane ba, je ka wajen wane, ba ya rage wa mutum daraja. Da na yarda da wanda ya ce mini fayil ya ruɓe na goge filash ɗina, da yau wani labarin ake yi.

Dattijon nan na Kwoi har yanzu yana zuwa shago. Duk ranar da ya kawo kaya, ni da kaina nake karɓar ɗan littafinsa in miƙa wa mahaifina ya rubuta, sannan in shigar a kwamfuta, in karanta masa ranar da ƙarfi da sunan watan. Yakan yi dariya ya ce, "Ɗana, yanzu ka zama malami."

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya albarkaci gonaki da kasuwanni, ya zaunar da yankinmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu, amin.

Wassalam.

Naku,
Ɗan Kafanchan